Jakin Aji Biyu

Sunan surukina ba ya fita daga bakina, kuma ba zai fita ba har in koma ga Mahaliccina. Amma rubutu ba furuci ba ne, don haka ga shi sau ɗaya, wanda bai gani ba ya yi ta kansa: Jibrin. Malami ne babba a Sabiyal, ya fi shekara arba'in yana karantarwa a zaurensa, kuma shi ke raɗa wa rabin jariran garin suna. Mutanen garin kuwa in suna son mutum ba sa tsayawa dogon yabo, takwara suke yi masa.

Ni Raihanatu daga Jega aka kawo ni, amaryar ɗansa Waliyyu, da takardar shaidar malanta a ƙasan akwatina. Wata biyu da tarewa aka ɗauke ni koyar da Turanci a firamaren garin, aka ba ni aji biyu. Ranar farko na buɗe rajista da murnata, sai na ga sunan nan a jere har sau biyar. Na rufe, na sake buɗewa, yana nan. Na tambayi yaran yadda ake kiran su a gida, uku suka ce Malami, biyu suka ce Baba. Na gwada kiran Baba, sai ga kawuna takwas sun waiwayo, don kusan kowane gida akwai mai sunan kakansa. Daga ranar na koma nuni da yatsa da cewa kai mai jar hula, kai na kusa da taga.

Da a ce irin koyarwar da aka yi mini zan yi, da babu matsala. A tsaya gaban allo da bulala, a faɗi kalma yara su maimaita har maƙogwaro ya bushe, wa zai tambaye ka sunan wani? To ni wannan karatun ne ya sa sai da na kai aji shida ban iya haɗa jimla ɗaya ba, kuma na yi alkawari ba zan yi wa ɗan kowa haka ba. Wasa nake yi da su, kuma ba na jin kunyar faɗa, na iya. In muna launuka, sai in faɗi launi da Turanci, kowa ya ruga ya taɓa abu mai wannan launin, wanda ya zo ƙarshe ya yi tsallen kwaɗo sau uku. In muna ƙirga, albasa nake zuwa da ita a kwando, in jera a ƙasa su riƙa tsallakewa suna ƙirgawa. Hedimastanmu Malam Kamaluddeen ya leƙo ta taga ya fi sau goma saboda hayaniya. Ranar da wata 'yar mitsitsiya ta tare shi a bakin ofis ta tambaye shi lafiyarsa da Turanci, ta kuma tsaya jiran amsa, daga ranar ya daina leƙe.

Wasan ƙwallo ne ya tona mini asiri. Ƙwallon leda ce da na ɗaure da roba, a yi da'ira, mai jefawa ya kira sunan wanda zai cafe, shi kuma ya faɗi kalma ɗaya kafin a ƙirga uku. Daɗin wasan a saurinsa yake. To kafin in gama cewa kai mai jar hula, ƙwallon ta faɗi ƙasa, wasa ya huce. A hankali na ga hannuna da kansa yana kauce wa yaran nan biyar, kuma abin ya dame ni, don babu laifin da suka yi.

Wata ranar Laraba da yamma ina tsakar gida ana shigo da dabbobi, sai dabara ta faɗo mini. Me zai hana kowane yaro ya zama dabba? Su koyi sunayen dabbobi da Turanci, ni kuma in samu abin kiran kowa ba tare da na taɓa sunan Baba surukina ba. Na yi tsalle har Waliyyu ya ɗauka kunama ce ta harbe ni. Na aike shi shago ya roƙo mini kwalayen taliya, na yanka guda arba'in da uku, na warware igiyar tsohon buhu na yi marataya. Kwana uku ina zane. Ya ce raƙumina ya fi kama da akuya mai ƙurji, na ce in ya iya ya karɓa.

Kuma kada ku ce ban yi tunani ba, na yi. Na cire kare, na cire alade, na cire biri, har ina yaba wa kaina cewa 'yar Jega ba ta yin aikin gaggawa. Jaki kuwa ko a raina. Dabba ce da ke kowane gida, kullum a gabanmu take wucewa da buhunan albasa, sai na zana shi da dogayen kunnuwa na jefa cikin kwando.

Ranar Litinin ajin nan kamar zai tsage. Kowa ya rufe ido ya zura hannu a kwando ya ɗauki rabonsa ya rataya a wuya. Ka'idar mai sauƙi ce: in kira dabba da Turanci, mai ita ya fito tsakiya, ya ce shi wane ne, ya yi tafiyarta da kukanta, sannan ya koma. Mai zaki ya yi gurnani har ya ƙware. Mai kifi ta rasa kukan da za ta yi, sai ta kwanta a ƙasa tana motsa baki. Ni kuwa ina ta kira da sauri, babu kai mai jar hula, babu nuni, zuciyata fari fes. Cikin awa ɗaya suka haddace kalmomin da da allo ne sai mun yi wata muna fama.

Wanda ya ɗauki jaki Malami ne, ɗan Yaya Hamidu yayan mijina, jikan Baba kuma takwaransa, ɗan shekara bakwai. Gida ɗaya muke da su. Yaron ya iya kukan jaki fiye da jakin kansa. Da ya ja numfashi ya saki, wani jaki da ke ɗaure bayan katangar makaranta sai ya amsa masa, aji ya kife da dariya, ni ma sai da na dafa tebur. Kullum sai sun roƙe ni in kira Donki, wato jaki da Turanci, sau biyu ko uku, shi kuma yana fitowa yana taƙama. A makon nan babu yaron da ya kai shi farin jini.

Abin da ban lissafa ba shi ne, yara ba sa barin wasa a aji. Mai kaza da mai akuya sunansu bai bi su ko'ina ba, don ba su yi fice ba. Na Malami kuwa ya fita ƙofar makaranta, ya bi shi bakin famfo, ya bi shi makarantar allo, ya gangara fadama inda ake cirar albasa. Da farko manya ba su san ma'anar kalmar ba, daɗin faɗa kawai take musu. Da manyan yaran aji shida suka fassara, sai abin ya canza launi. Suka riƙa bin sa suna karkaɗa hannu a kunne, wani har ya ɗora masa jakarsa a baya ya ce ya kai masa gida.

Ni duk ban sani ba, ina can ina shirin wasan sassan jiki. Labarin ta kasuwar albasa ta Aliero ya iso gida. Yaya Hamidu yana tsaye ana loda masa buhuna a mota, cikin manyan mutane, sai wani dillali daga Mungadi ya miƙo masa hannu yana dariya, ya tambaye shi ko shi ne Baban Donki. Ko gama lodi bai tsaya an yi ba ya hau mashin.

Ina ɗaki na ji muryarsa a tsakar gida yana yi wa Waliyyu faɗa, kuma ya ɗaga ta ne don in ji.

"Ɗana tam mai da jaki, ni kau tam mai da ni uban jaki. Karatun da anka yi Jega ke nan? Ta zamna gida. Ba ta koma makarantar ga."

A gidanmu in Yaya ya yanke magana, Baba kaɗai ke iya warware ta. Waliyyu ya shigo yana sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri, za a kai maganar zaure, kafin nan in ci gaba da zuwa aiki. Gaskiya a lokacin ba nadama na ji ba, haushi na ji. Na ce masa iyayen mai kaza da mai kwaɗo su ba su da zuciya ne? Na ce shekara uku na yi ina karatun malanta, ba don in zo in zauna ina tsinkar ganyen albasa ba. Na faɗi maganganu da yawa, shi dai yana ta cewa in rage murya. Ina son aikin nan kamar raina, kuma tunanin a raba ni da ajin ya hana ni cin tuwo.

Washegari Malami bai je makaranta ba. Da na dawo na same shi bayan rumbu a zaune shi kaɗai, leɓensa a fashe, ashe dambe ya yi da wani ƙato ɗan aji shida. Na miƙa masa ƙuli-ƙuli ya ƙi karɓa. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"Malama, yaushe za su bari?"

Na zauna kusa da shi. A unguwarmu a Jega akwai tsoho mai jikoki da har yau Kwaɗo ake ce masa, don ya faɗa rijiya yana ɗan shekara biyar, kuma ba na jin akwai mutum goma da suka san sunansa na yanka. Na dubi yaron nan na hango shi da furfura ana kiran sa da abin da na zana da hannuna. A nan haushina ya mutu, kunya ta kama ni har ƙafafuna. Garin neman gira na tsone wa yaro ido.

Surukata Inna Tasalla ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni me ya kai ni. Na ce kuskure ne. Ta juya tambayar ta kowace fuska, na tsaya a kan kuskure ne. Yaya zan ce don gudun sunan Baba na yi? Sai ya zama kamar na ɗauki laifina na ɗora wa tsoho. Da la'asar ta dawo da saƙo daga zaure. Baba ya saurari Yaya har ya gama, ya ce gani ya kori ji, ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ranar Alhamis almajiransa suna hutu, zai zo ajin da kansa.

Ranar Alhamis tun da safe na tura kwandon kwalayen ƙarƙashin tebur na rufe da tsohon zane. Ƙarfe tara da rabi suka shigo: hedimasta a gaba, Baba da sandarsa riƙe da hannun Malami, Yaya Hamidu a baya fuska ba annuri. Na durƙusa na gaishe su, idona a ƙasa. Aka kawo wa Baba kujerar ofis, ya ce a'a, ya zauna a bencin yara na ƙarshe, gwiwoyinsa kusan a ƙirji. Ya ce wa hedimasta a gaya wa malama ta yi yadda ta saba, ta ɗauka ba kowa.

Da sauƙin faɗa. Yaran da kullum sai na roƙe su su yi shiru, ranar ko tari babu mai yi. Na fara da launuka. Na kira ja, suka tashi a hankali suka taɓa ƙofa. Na kira kore, suka ɗan saki jiki. Na kira fari, kafin in ankara Najiba, 'yar mitsitsiyar nan da ta taɓa tare hedimasta, ta ruga da gudu ta damƙe gefen babbar rigar Baba ta ɗaga hannu tana shelar ta riga kowa. Baba ya dubi rigarsa, ya dubi yarinyar, ya tambaye ta yadda ake cewa fari da Turanci. Ta gaya masa, ya maimaita, ta ce bai yi daidai ba, ya sake. Daga nan aji ya dawo yadda na san shi.

Na ɗauko ƙwallo. Wasa ya yi zafi, ina kira ina jefawa, kalmomi suna fitowa daga bakin yaran kamar an buɗe famfo, har na fara manta wanda ke zaune a baya. Na hango hedimasta yana gyaɗa kai, na ce a raina yau dai na tsira. Ashe tsoho ƙirga yake yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana lura da wanda ya yi karatu da wanda ya ɓoye bayan allo, ni zan ɓoye wa abu? Ya ɗaga sanda, kowa ya tsaya. Ya tambayi hedimasta me ya sa ƙwallon ta zagaya sau biyu amma akwai yara huɗu da ba ta taɓa zuwa hannunsu ba, ga na biyar a gefensa ko kallon sa ba a yi.

Hedimasta ya dube ni, ni na dubi ƙasa. Najiba ce ta amsa, don ita ba a taɓa yin tambaya ta bar ta ta faɗi ƙasa ba.

"Malam, sunanka ag gare su. Ita kau ba ta iya hwaɗin sunanka. Shi yas sa tay yi muna dabbobi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata shida ina zaton babu wanda ya gane, ashe 'yan shekara bakwai sun daɗe da karance ni. Yaya Hamidu ya gyara tsayuwa, ya cire hula ya mayar. Baba ya juya sandarsa a hannu.

"Ashe ni nij jawo," in ji shi. "To tsuntsun da yaj ja ruwa shi ruwa ka duka. A kawo kwalayen."

Na jawo kwandon, na ajiye a gabansa na ja da baya. Ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa yana miƙa wa masu su, har ya zo kan mai dogayen kunnuwa. Ya kakkaɓe shi, ya buɗa igiyar, ya zura ta saman rawaninsa, kwalin ya sauka a kan farar rigar nan. Yaya Hamidu ya matso da sauri yana cewa Baba don Allah, a gaban yara.

"Albasakka wa ka ɗauko ta daga hwadama?" Baba ya tambaye shi.

Yaya ya koma gefe. Baba ya dogara sanda ya miƙe, ya shiga da'ira tsakanin mai kifi da mai zakara, ya ce a ci gaba.

Na ci gaba, ina da zaɓi ne? Na kira zaki, na kira saniya, na kira kyanwa. Yaran suna fitowa suna yi, amma kowa idonsa na kan tsoho. Na kira tunkiya, na kira agwagwa, na kira har dabbobin da ban taɓa kira ba. Baba ya yi gyaran murya, ya tambayi hedimasta ko shi ba a kiran sa ne. Nan na gane ramin da na faɗa. Gaba kura baya sayaki: matar da ba ta iya furta sunan surukinta na yanka, ita ce za ta dube shi a gaban ɗansa da jikokinsa ta kira shi jaki? Ko da Turanci ne, ko da harshen aljanu ne, bakina ba zai buɗe ba. In kuma na ƙi, na watsa masa ƙasa a ido bayan ya ƙasƙantar da kansa domina.

Sai idona ya faɗa kan Malami, yana zaune shi kaɗai a benci, wuyansa babu kwali. A duk ɗakin nan shi ne zai kira tsohon da kowane irin suna a yi dariya, don tsakanin jika da kaka babu hukunci. Na je na durƙusa a gabansa, na sa masa ƙwallon a hannu, na ce yau shi ne malami, ni na gaji, ya kira wanda ya ga dama.

Ya tashi a hankali ya tsaya a tsakiya. Ya dubi ubansa, ya dubi kakansa. Baba ya fara tsokanar sa, ya ce dama ya san takwaran nan nasa rago ne, suna kawai ya ci, ko murya ba shi da ita, gara a ba Najiba ƙwallon. Yaron ya kumbura, ya ja numfashi.

"Donkey!"

"Na'am," in ji Baba, ya tako tsakiya da sandarsa.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Yara suna tsalle, wasu suna dukan benci, 'yan aji uku suka cika taga. Baba ya tsaya ya tambayi Malami me ake cewa in an fito. Malami ya gaya masa: I am a donkey, wato ni jaki ne. Tsoho ya gwada, kalmomin suka harɗe. Malami ya ce ba haka ba ne, ya raba masa su ɗaya-ɗaya yana kaɗa yatsa, daidai yadda nake yi musu. A karo na uku ya faɗa daidai, aji ya tafa masa yadda muke tafa wa kowa, sau uku da buga ƙafa. Da aka zo kuka sai ya ce ƙirjinsa ya tsufa, sai dai takwara ya ara masa. Ban san ko yaron zai yarda ba. Sai ya ɗaga kai ya saki kukan nan nasa har ƙarshe, ya ƙare da dariya yana riƙe da rigar kakansa. Hawaye suka zubo mini, ban ma ɓoye ba.

Da hayaniya ta lafa, Baba ya ɗaga sanda ya yi magana da murya yadda na taga ma za su ji.

"Ku kai labari gida. Daga yau ni ad da sunan ga. Duk wanda yak kira shi cikin garin ga, ni yak kira, ni kau za ni amsa mai."

Bai ce komai a kan aikina ba. Ya koma benci ya zauna har aka kaɗa ƙararrawar tashi, kwalin na wuyansa. Na zaci zai cire a bakin ƙofa, bai cire ba. Haka ya fita da shi, Malami na tsalle a gabansa, Yaya Hamidu a gefe, ni a can baya da kwandona, yara kuma sun biyo mu kamar ana rakiyar amarya. Mutanen da ke zaune a gindin bishiya suna miƙewa su gaishe shi, idonsu ya sauka kan zanen, su yi sauri su kawar. Ni dai har lokacin ban sani ba ko ajin da na baro na baro shi ke nan.

A kwanar famfo Malami ya riga mu shan kwana. Manyan yaran nan suna wurin, har da wanda ya fasa masa leɓe. Yana hango shi ya ɗora hannu a kunne ya ƙwala kiran sunan da dukkan ƙarfinsa. Daidai lokacin Baba ya ɓullo, ya tsaya, ya gyara kwalin a ƙirjinsa.

"Na'am, ga ni. Mi ka ka so?"

Yaron ya daskare da hannu a kunne. Bokitinsa ya cika yana zuba bai sani ba. Ya durƙusa a cikin caɓi yana ba da haƙuri, sauran kuwa tuni suka bi lungu. Baba bai yi masa faɗa ba, cewa ya yi ya kashe famfo kada a yi ɓarnar ruwa.

Muka ci gaba har ƙofar zaure. A nan ya tsaya, bai waiwayo ba, ya yi magana da Yaya Hamidu.

"Hamidu, ka gaya ma matar ƙanenka ta yi sammako gobe. Yara na jiran ta."

Ina tsaye taku biyar daga wurin, na ji kowace kalma, kuma Baba ya san na ji. Amma bai shiga ba, ya tsaya yana jira. Yaya Hamidu ya juyo, ya dubi kwandon da ke hannuna, ya shafa gemu.

"Kin jiya," in ji shi.

"Na jiya, Yaya."

Sai a lokacin Baba ya cire takalmi ya shiga zaure. Ni kuma na wuce cikin gida, ban ma kai ɗaki ba, na zauna a kan turmi a tsakar gida ina dariya ina share hawaye, Inna Tasalla na tsaye a kaina tana tambayar abin da aka yanke.